Oba-Oban Kawu Muntari

Kawuna Muntari kwana kaɗan yay yi a Gusau, amma da yad dawo sai ka rantse shi yag gina ta. Ƙanen Innata ne, gida ɗaya muke, don haka abin da zan faɗa muku ba labari anka ba ni ba, a kunnena anka yi shi. Kuma ni ba ni son jan zance, ku bi ni da sauri.

Shi ne ciyaman na ƙungiyar masu tumatir ta garinmu, nan bakin gulbi kafin ka kai Gummi. Ba don ya fi kowa gona anka zaɓe shi ba, ranar zaɓen shi kaɗai yaz zo da biro a aljihu. Gonakin kuwa a warwatse suke cikin fadama, wani nan, wani can ƙetare. Tumatir ba shi jiran kowa. In anka tsinke shi yau, gobe ya fara hawaye, jibi ko kaji sai sun yi shawara. Mota guda ke zuwa ta kwashe na kowa zuwa kudu, motar wani direba Ebenezer. Duk aikin ƙungiyar bai wuce kowa shi san ranar da mota za ta zo da inda za ta tsaya ba. A shekarar nan har da namu a ciki, na gonar da Baba yab bar muna, wadda Inna tas sha wahalar ta tun farkon rani.

Yadda ake yi tun da can, in anka sallame sallar asuba, kafin kowa shi sa takalmi, sai Malam Hudu shi ce, "Jama'a, mota gobe, bakin gulbi." Shi ke nan. Malam Hudu shi ne dattijon ƙungiya, kuma surukin Kawu, uban Anti Laraba.

Kawu yac ce wannan ƙauyanci ne. Yak kira mitin a ƙofar gidanmu don a zaɓi hanyar sadarwa. Haka yac ce, sadarwa, kuma bai daina faɗin kalmar ba har anka watse. Ni ina zaure ina tsintar wake, ina jin komai.

Makau, ɗan farin Malam Hudu, yac ce a sayi salula.

"Salula!" in ji Kawu. "Ina sabis ɗin yake? Duk garin ga wuri guda ake samu nai, bisa tankin ruwan makaranta. Kana son dattijo kamar Baba shi hau tanki?"

Makau yaj janye zancen, don bai son ubanai shi hau tanki.

Malam Hudu yac ce, "Ni dai ban ga abin da masallaci yay yi muku ba."

Kawu yad durƙusa, yas sadda kai. "Gaskiya na, Baba. Masallaci bai yi komi ba. Sai dai duniya ta wuce shi. Ina nufin, wajen saƙo."

Sai yaj jawo wani kwali daga bayanai, yaz zazzage. Oba-oba ne, irin na 'yan sanda, sai dai waɗannan rawaya ne. Daga baya nid duba kwalin, nig ga hoton yara biyu na Turawa suna dariya cikin tanti. Nin nuna wa Kawu. Yac ce 'ya'yan sojoji ne.

"Babu kati, babu sabis, babu hawan tanki," in ji shi. "Ka danna, ka yi magana, ka ce oba, ka saki. Mutum guda ka magana, kowa na ji. Da wagga na'ura nir riƙe wani babban kamfani a Gusau, ƙofa da baya, ni kaɗai."

Surajo, wanda ke kula da lodi a tasha, yac ce a gwada. Kawu yab ba shi ɗaya yac ce shi zagaya bayan katangarmu. Sannan yak kai tashi baki yaƙ ƙwala, "Surajo! Kana ji na? Oba!"

Awakin maƙwabta sunka watse. Surajo yac ce daga bayan katanga, "Ina jin ka sarai!"

Da yad dawo anka ga bai ma kunna tashi ba. Amma dai ya ji, kowa shaida ne, don haka anka amince. Kawu yak kafa doka nan take: daga yau zancen ƙungiya ba a baki, ba a ƙafa, ba a masallaci, sai ta oba-oba. Wanda yak karya, tarar kwando guda. Kowa yaɗ ɗauki tashi yat tafi gida shina juya ta.

Washegari da hantsi anka buɗe layi. Kawu na son shi gaya wa Surajo a kawo kwanduna daga kasuwa. Yat tsaya tsakar gida, ƙafa ɗaya bisa turmin Inna.

"Surajo, kwanduna. Oba."

Can sai, "Salamu alaikum. Oba."

"Wa alaikumus salam. Kwandu..."

"Ciyaman, an tashi lahiya? Oba."

"Lahiya lau. Oba."

"Kaka iyali? Oba."

Kafin Kawu shi amsa, Makau yash shigo daga ƙetare, don bai kamata ka ji mutane na gaisawa ka yi kamar ba ka nan ba. Yag gai da Kawu, yag gai da Surajo. Wani yash shigo yag gai da su ukun. Wani yat tambayi jikin tsohuwar Surajo, anka yi mata addu'a, kowa da nashi amin da nashi oba. Anka yi barka da wata haihuwa ta ƙetare. Inna tag gama daka, tat tankaɗe, taɗ ɗora tukunya. Da anka zo kan kwanduna, oba-obar Kawu tay yi ƙit tam mutu. Mai janareto na tasha, wanda ke yin caji, shi yaf fi kowa murna da wagga sadarwa.

Kawu yah hana gaisuwa a layi. Washegari yay yi ta kira, babu wanda yat tanka. Can sai muryar Malam Hudu taf fito a hankali.

"Wane na wanga da ka shiga kunnen mutane babu sallama? Ɗan wa na?"

Kawu yas sauke ƙafa daga turmi, yac cire hula, yad durƙusa gaban oba-oba. "Ni na, Baba. An tashi lahiya?"

Gaisuwa tad dawo.

Sai maganar suna. Ai tunda kowa na ji, dole ka ambaci wanda kake kira. To Kawu ba shi iya faɗin sunan surukinai, ko da wuƙa a wuya. Sai shi ce, "Baba, Baba, oba," tsofaffin fadama duka su amsa. Malam Hudu kuma ba shi faɗin sunan Makau, ɗan fari ne, tun da anka haife shi bai taɓa ba. Sai shi ce, "Kai, wancan. Oba." Babu wanda ke amsawa, don kowa na ganin ba shi ne wancan ba. Anti Laraba tat taɓa ɗaukar ta gida don ta ce abinci ya sauka, tad danna, tat tuna ba ta faɗin sunan miji kuma ubanta na ji, tas saki tas shige ɗaki.

Kawu yac ce wannan ƙaramin abu ne, a Gusau laƙabi ake sa wa. Shi Zaki. Surajo Kura.

"Wa ak kura?" in ji Surajo. "Uwar wa nic ci wa akuya?"

"To Dila."

"Riƙe abinka."

Makau yac ce in dai ana rabo, shi ma Zaki. Malam Hudu kuwa babu mai ƙarfin halin sa mai sunan dabba, amma in za a sa, ai ba a ba shi ƙasa da na surukinai. Kafin la'asar duk ƙungiyar Zakuna ce. Kwana biyu fadama ba ka jin komi sai "Zaki na kiran Zaki, oba," da "Wane Zakin?"

Inna tac ce, "Muntari, tumatir ɗina ya nuna."

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Bana a hannun na'ura yake."

"Shi nika tsoro."

Ana gobe za a fara tsinka Malam Hudu yaz zo wucewa ta ƙofarmu, yac ce abin ga na gajiyar mai da babban yatsa, dannawar ta yi tauri. Kawu yaz zabura. Yay yanko robar tayar keke, yan nuna mai yadda zai naɗa ta bisa maɓallin, ta danne da kanta.

"Sai ka yi ta magana hannu sake, Baba. Ko manyan Gusau ba su san wagga dabara ba."

Bai gaya mai a kwance robar in an gama ba. Ina jin shi ma bai yi tunanin wurin ba.

Anka tsinke tumatir, anka cika kwanduna, anka jera su bakin gulbi inda mota ta saba tsayawa. Ranar lodi, tun kafin kiran asuba, Ebenezer yab buga muna ƙofa.

"Ciyaman, akwai magana. Motar da na zo da ita babba ce, ba irin ta da ba. In na sauka hanyar gulbi, rairayi zai haɗiye ta. Ina tasha. A ɗora kaya a jakai a hauro da su. Amma ka ji ni da kyau, ana kiran azahar zan tashi, akwai masu jira na a Anka."

"Ka gama magana," in ji Kawu. "Kafin ka sha shayi saƙo ya ƙetare gulbi."

Yat tafi masallaci. Ku ji fa. Duk 'yan ƙungiya na nan, sahu ɗaya. Makau na damanai, kafaɗa da kafaɗa. Anka sallame, kowa na neman takalmi, Malam Hudu ma har ya ɗan dube shi. Kawu yag gai da kowa, yas sa takalmi, yad dawo gida bakinai ƙulle.

Inna tac ce, "Ka gaya musu?"

"A masallaci? Ni da nik kafa doka?"

Yay yi wanka, yas sa babbar riga, yar rataya oba-oba a wuya, yah hau babur sai tasha. Ni ma Inna tat tura ni da abin karin masu lodi, don haka ina wurin. Ranar kasuwa ce, tasha cike. Kawu yas sa anka jawo benci tsakiya, yah hau, yak kira mutane su matso su ga yadda ake aiki a birni. Yam murɗa ƙarar har ƙarshe.

"Zaki na kiran dukkan Zakuna. Akwai babban saƙo. Amma kafin nan, Baba shi buɗe muna da addu'a. Oba."

Yad dubi jama'a, yaɗ ɗaga gira. Anka ji ƙarar roba, sannan Malam Hudu yaf fara.

Addu'a tay yi kyau, ba ni da ta cewa. Yar roƙa wa tumatir albarka, da mota, da direba. Da yaj ji muryatai na ƙetare gulbi babu wahala, sai yaƙ ƙara da iyaye da kakanni, da na Gwashi da na Bukkuyum. Duk tasha anka ɗaga hannu. Anka shafa. Sai munka ji ƙus-ƙus, munka ji duhu, in dai ana jin duhu. Ya jefa ta aljihu, roba na naɗe.

Kawu yad danna. "Amin, Baba. To, saƙo shi na..."

Babu inda taj je. Muddin wancan maɓalli na danne, layin na Malam Hudu ne. Munka ji shina ɓare goro. Munka ji shina tauna.

Surajo yac ce, "Ciyaman, ba ni babur in ruga in gaya musu."

"Tarar kwando."

"Na biya."

"Zamna. Yanzu zai saki."

Bai saki ba. Rana tat taso. Ebenezer yas sha shayi, yas sake shan wani, yad duba taya, yad duba agogo. Masu kasuwa sunka bar kasuwa sunka kewaye benci, don tun da anka kafa tashar ba a taɓa samun rediyo mai daɗin wannan ba. Malam Hudu yay yi wa jakinai faɗa. Yat tambayi wani ko motar ta ɓace ne. Sannan munka ji ya zauna, da nishi, kusa da Makau, can bakin gulbi inda suke jiran mota.

"Kai, wancan. Mijin ƙanwarka shiru."

"Shiru, Baba."

"Yaron ba shi da mugun hali. Sai dai in Allah na rabon baki, shi ya koma layi sau biyu."

Kawu yaf fara neman inda ake rage ƙara. Surajo yar riƙe mai hannu.

"Wai kamfanin da yar riƙe a Gusau," in ji Malam Hudu, "ai na tambayi ɗan Makeri, shi ka gadi wurin. Cewa yay yi sallar la'asar yat tashi yi, yab ba yaron oba-obar shi riƙa mai. Kafin shi sallame yaron ya danna wani wuri, ƙararrawa ta tashi, karnukan kamfani sunka biyo shi har bakin titi. Takalmi guda yad dawo da shi."

"Shi na bai son zancen karnuka," in ji Makau.

"Kada ka gaya wa kowa. Suruki na, a rufa mai asiri."

Wata mai ƙosai tac ce, "Za mu rufa, Malam." Daga nan babu wanda yak ƙara iya tsayuwa daidai. Kawu na bisa benci, babbar riga, hannu ɗaya a sama, shina cewa ɗan Makeri maƙaryaci ne kuma karnukan ba su kai yadda ake faɗi ba.

Ebenezer yad danna ham. "Ciyaman, inuwa ta gajarce."

Sai lokacin Kawu yad diro. Yac cire oba-oba yad dangwara wa Surajo, yat tattare riga, yab buga babur. Munka bi shi da ido har yas sauka hanyar gulbi, inda rairayin da Ebenezer yaf faɗa ke jira. Babur yat tsaya. Kawu bai tsaya ba. Yat tashi, yak kakkaɓe, yab bar babur kwance, yar ruga da ƙafa.

Sauran a oba-oba munka ji shi, tas, daga aljihun Malam Hudu. Da farko haki, daga nesa, shina matsowa. Sai ƙarar cire takalmi.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. A'a, kai na? Da ƙafa?"

"Ni na, Baba. An wuni lahiya?"

Surajo yak kai baki ga oba-oba yay yi ihu, "Faɗi saƙon!" Ya manta ba ta zuwa ko'ina.

"Lahiya lau. Kaka gida?"

"Lahiya, Baba."

"Kaka yaran?"

"Suna gaishe ka."

"Kaka yayarka? Ta ji sauƙin ƙafar?"

"Da sauƙi, Baba. Baba, dama..."

"Mi yas samu rigarka?"

"Rairayi na, Baba."

"Sannu. Kai, wancan, ba shi ruwa. Sha tukuna, ba a magana da haki."

Munka ji Kawu na shan ruwa. Duk tasha munka ji kowane kurɓi. Ana cikin haka ladan yak kira azahar. Ebenezer yac ce Allah ya gani ya jira, yah hau, yat tayar. Yab bar wa Surajo sallahu a gai da Malam, a ce mai addu'ar ta yi daɗi.

Motar na fita tasha, muryar Kawu taf fito, a ladabce.

"Baba, dama cewa anka yi, in babu damuwa, a hauro da kaya tasha."

"Yaushe anka ce?"

"Da asuba."

"Asubar da munka yi tare?"

"Oba," in ji Kawu, a hankali.

Tumatir yak kwana bakin gulbi. Ba a samu wata mota ba, kuma babu mai jiran ta. Abin da yar rage shi ne a yanka a shanya kafin shi ruɓe, a samu ko na miya. Washegari anka sallame asuba, kafin kowa shi sa takalmi, Malam Hudu yac ce, "Jama'a, kowa da wuƙatai, ƙofar gidan ciyaman." Kafin rana ta fito babu wanda bai zo ba, har na ƙetare.

Anka shimfiɗa tabarmi da buhunna tun daga ƙofarmu har bakin masallaci, gari yay yi ja. Maza na waje, mata na ciki. Anka tara oba-oba a kwali, anka karɓi kwandon tara daga gonar Kawu, tunda da ƙafa yak kai saƙo kuma shi yak kafa dokar. Surajo yat tuna da wannan. Inna taz zaɓo kwandunanta, waɗanda sunka fi laushi, ta aje su a zaure gaban ƙanenta, da wuƙa mafi dakushewa a gidan.

Kawu yay yanka kamar guda goma, ruwan na bin gwiwar hannunai. Sai yaɗ ɗago.

"Amma Yaya, a faɗi gaskiya. Daga bakin gulbi har tasha, cikin aljihu, kuma har shan ruwana anka ji. Wace salula ka yin haka?"

Inna tat tura mai wani kwandon da ƙafa.

"Na ji ka sarai," tac ce. "Yanka. Oba."